Mijina ɗan Mai Wurno ne, amma sai da biza ya shigo Sakkwato

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Sakkwato ce, aikina harhaɗa magunguna, kuma ɗan ƙasar Sudan nake aure. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari shi ne yawan matan da ke jan hannuna gefe a gidan biki ko a shagon magani, wata mijinta ɗan Masar, wata ɗan Chadi, wata ɗan Pakistan, kowace da damuwar takardu a ranta, kuma tana jin nauyin tambaya a fili. Ba zan kama sunan kowa ba.

A tsohon gari na tashi, ba nisa da Hubbare. Baba malamin Larabci ne, ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Shi ya dage in tafi Khartum karatu a 2013, lokacin da ɗaliban Arewa ke tururuwa can saboda sauƙin kuɗin makaranta da kuma rashin yajin aiki. Inna ba ta so ba, amma ta haƙura.

A asibitin da nake koyon aiki na haɗu da shi, yana ɗakin gwajin jini. Ya ji ina waya da Inna, da na kashe sai ya gaishe ni da Hausa, irin tsohuwar Hausar da na saba ji a bakin kakata, gauraye da Larabci. Ya ce shi ɗan Mai Wurno ne. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan suna. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane har bakin Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da ake kira da sunansa har yau. Kakan mahaifin mijina yana cikin wannan ayari, yana ƙaramin yaro.

Shi ya sa da na gama karatu na dawo gida, na yi jarrabawar da ake yi wa waɗanda suka karanto a waje, na yi bautar ƙasa, sannan maganar aure ta taso, Baba bai ja ba. Cewa ya yi, "Ai waɗannan namu na, ba baƙi na ba." Sharaɗi ɗaya ya kafa: sai ya zo da manyansa an gan su ido da ido.

Nan muka fara sanin biza. A lokacin mu a Sakkwato mun saba ganin ɗan Konni ya shigo ta Illela ya ci kasuwa ya koma, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90. Sudan ba ta cikin wannan. Dole shi da baffansa su nemi bizar ziyara: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, takardar gayyata daga wanda zai sauke su, kwafin fasfon mai gayyatar, bayanin asusun banki, tikitin zuwa da dawowa, da katin rigakafin shawara. Baba ya zauna bayan sallar asuba ya rubuta takardar gayyata da Larabci da hannunsa, ya buɗe ta da yabon Allah da salati, ya ambaci zumuncin da ke tsakanin Wurno da Mai Wurno, shafi guda cur. Yayana ya karanta ya ce takardar ta yi kyau, amma abin da ake nema layi ne guda da Turanci, inda mai gayyata zai ce ya ɗauki alhakin baƙon a gaban hukumar shige da fice har ya fita. Aka buga wata a kwamfuta, Baba ya sa hannu. Ta Larabcin kuwa aka aika wa baffan, yana riƙe da ita har yanzu.

Sun zo a ƙarshen 2021, aka buga musu kwana 30. Aka kai su Hubbare, aka kai su Wurno ziyarar kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Yayana ya ce baffan ya zauna a ƙasa yana kuka, sai da aka ɗaga shi. A cikin wannan watan aka ɗaura aure a ƙofar gidanmu, aka raba goro da dabino.

Washegari Kawu, wanda tsohon ma'aikacin kotu ne, ya zo ya ce a tashi a je kotun shari'a a yanko takardar aure. Gwaggo ta ce wace irin takarda kuma bayan an ɗaura a gaban liman da jama'a. Kawu ya ce, "Auren ƙetare ba a barin shi a bakin shaidu kaɗai. Shaidu mutuwa su kai." Suka je da waliyyina da wakilin ango da shaidu biyu. Allah ya saka wa Kawu da Aljanna, domin wannan takarda ce ta riƙe mu daga baya.

Na tare a Bahri, arewacin Khartum. Muna zaune lafiya har ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, muka wayi gari da ƙarar bindigogi tsakanin soja da dakarun RSF. Ina da ƙaramin ciki. Ruwa ya ɗauke, wuta ta ɗauke, muka koma kwana a tsakar ɗaki nesa da taga. Da aka fara kwashe 'yan Najeriya, shi ya kai ni inda motoci suke taruwa. Jerin sunayen na masu fasfon Najeriya ne. Shi ba shi da biza, fasfonsa ma yana cikin durowa a wurin aiki, a unguwar da ba mai iya shiga. Na ce ba zan hau ba. Ya ce, "Ki tafi da abin da ke cikinki, ni zan je wurin Hajiyata, in hanya ta buɗe zan biyo ki." Ya ciro takardar aurenmu daga jakarsa, ya naɗe ta cikin leda, ya ce in sa ta a jikina, kada in sa a akwati. Aka kai mu Port Sudan, daga can jirgi ya sauke mu Abuja cikin watan Mayu.

Na dawo ɗakin Inna. A makonnin farko kowa jaje yake yi mini da barka da arziki. Da ciki ya fito, watanni suka ja, sai maganar ta canja. A gidan suna wata ta tambaye ni a gaban mutane, "To shi mai gidan yaushe za ya zo? Ko dai ya samu wata can?" Wata kuma ta ce wa Inna ai dama auren nesa haka yake ƙarewa. Ban iya ba su amsa ba, domin ni ma ban san ranar ba. Yaƙin ya tsayar da buga fasfo a Sudan gaba ɗaya, tunda na'urorin suna Khartum. Sai wajen ƙarshen Agusta aka buɗe wurin bugawa a Port Sudan, mutane daga kowace jiha suka yi can, ana kwana a layi.

Na haihu namiji a watan Oktoba. Baba ne ya yi masa huɗuba. Uban ya turo sunan da yake so ta saƙon murya a WhatsApp, na kara wayar a kunnen jaririn ya ji muryarsa. Ranar suna an yanka rago, an cika gida, ni kuwa ina ƙuryar ɗaki ina share hawaye da gefen zane kada baƙi su gani.

A watan Disamba Wad Madani ta faɗa hannun RSF. Daga Madani zuwa Sinnar ba nisa. Na daina barci. A wannan lokaci ne wani ɗan uwanmu na nesa ya zo da wani mutum da ya ce ya san hanya. Suka zauna a zaure da Baba da yayana, ni ina bayan ƙofa da yaro a kafaɗa. Mutumin ya ce abin ba wuya. A bi da shi ta Chadi, a shiga Nijar, a gangaro Konni, a ɗauko shi a babur ta daji, tunda an rufe iyaka tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli. In ya iso, a samo masa takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, a yi masa lambar NIN, a nemi koren fasfo. Ya ce, "Mutum yana jin Hausa, kakanninsa 'yan nan ne, wa zai ce ba ɗan ƙasa ba ne? Ai gaskiya ce ma za a rubuta."

Wallahi a wannan daren zuciyata ta karkata. Na riƙa ce wa kaina ai ba ƙarya ba ce tsantsa. Jininsa na nan ne. Mutane nawa ne ke yawo da irin wannan takarda ba abin da ya same su? Ɗana yana girma bai san ƙamshin ubansa ba, ga yaƙi yana matsowa garinsu, ni kuma a ce in tsaya jiran hatimi? Na je na durƙusa gaban Baba na ce ya amince. Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ramin ƙarya ƙurarre na. Amma ba ni ka shiga wannan takarda ba, shi ka shiga. Ki tambaye shi."

Na tura masa saƙo. Amsarsa ba ta da tsawo. Ya ce hanyar Chadi ta Darfur take bi, kuma duk wanda ya ji abin da aka yi wa mutane a Janaina ba zai tura ɗan uwansa can ba. Game da takardar kuwa, ya ce ya shiga Najeriya a 2021 da fasfon Sudan, an ɗauki hotonsa. Takardar aurenmu ta ce shi ɗan Sudan ne, takardun karatunsa ma haka. Ranar da ya zama ɗan wata ƙaramar hukuma a takarda, duk waɗannan sun zama abin ɓoyewa, har da shaidar cewa shi ne uban yaron nan ta halal. Ya ce ba zai so ɗansa ya girma yana koyon abin da zai faɗa da abin da zai ɓoye game da ubansa ba. Na yi kuka, na yi fushi da shi, na ƙi ɗaukar wayarsa na ɗan lokaci. Da hankalina ya kwanta na gane cewa auren namu yake karewa.

Daga baya wata lauya ta bayyana mini abin da doka ta ce. Sashe na 25 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba wanda aka haifa a waje zama ɗan ƙasa ne in uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne. Sashe na 26 ya buɗe ƙofar rajista ga wanda kakansa ko kakarsa ɗan ƙasa ne. Waɗanda suka fita a 1903 sun fita tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914, jikokinsu kuma a Sudan aka haife su. Tarihi ya san su, doka ba ta kai gare su ba.

A farkon Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk Sudan. Makonni ban ji ɗuriyarsa ba. Kuɗin da muke tura masa ta hannun 'yan canji su faɗa manhajar banki ta Bankak ma suka tsaya. Kullum da dare in na shayar da yaro sai in buɗe waya in duba ko alamar saƙona ta zama biyu. Rannan da hantsi ina shago ina ƙirga wa wata tsohuwa maganin hawan jini, sai kira ya shigo ta wata baƙuwar lamba. Ya biya kuɗi a wurin masu intanet na tauraron ɗan'adam na Starlink ya samu 'yan mintoci. Ya ce yana Port Sudan, fasfo ya fito. Tsohuwar ta ga hannuna yana rawa, ta karɓi ledar da kanta ta ce in zauna.

Ya bi ta Gadarif ya tsallaka Habasha ta Gallabat da Matama, ga rikicin yankin Amhara a kan hanya, har Allah ya kai shi Addis Ababa. Can kuma wata matsalar ta taso. Ƙa'ida a lokacin ita ce mutum ya nemi biza a ƙasarsa ko inda yake da izinin zama, shi kuwa ɗan gudun yaƙi ne mai izini na ɗan lokaci, wanda ake sabuntawa da dala. Kowane wata da ya ƙara, kuɗi ne. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen lefena. Yayana ya sayar da buhunan albasa da ya ajiye yana jiran tashin farashi.

Sannan aka gano saɓani a takardar aure. Sunan mutumin Sudan a fasfo huɗu ne, nasa da na uba da na kaka da na kakan uba. A tamu takardar an rubuta biyu kawai, kuma yadda muke furta su a Sakkwato. A ido na mai duba takardu, mutum biyu ne daban. Kawu ya sake ɗaukar sandarsa, muka koma kotu aka yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, na kai takardun Abuja aka buga musu hatimin tantancewa a Ma'aikatar Harkokin Waje, na bar yaro wurin Inna. Duk wadda za ta auri ɗan waje, ta riƙe fasfonsa a hannu ranar yankan takarda, ta tabbata an kwafe sunan harafi da harafi.

Wani ya ba mu shawarar in ya iso mu je mu sake ɗaura aure a rajistar gwamnati, wai ta fi ƙarfi. Lauyar ta ce mu yi tunani. Auren rajista yana ƙarƙashin wata doka ce daban: mace ɗaya ya yarda da ita, babbar kotu ce kaɗai ke raba shi, kuma yana iya taɓa yadda za a raba gado. Musulmi ya san abin da zai sa wa hannu kafin ya sa. Mu dai muka tsaya a kan takardar kotun shari'a.

Bizar ziyara aka ba shi, ya sauka Kano ana gab da babbar sallah ta 2024. Ba zan iya kwatanta wannan rana ba. Ya rame har sai da na sake dubansa. Yaron ya ƙi yarda da shi, ya maƙale a wuyana yana tsala kuka, shi kuma ya tsaya da hannuwa a miƙe. Ba a yi wata guda ba Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi, yaƙi ya mamaye jihar, Hajiyarsa da ƙannensa mata suka gudu Gadarif.

Mutane sun ɗauka da ya iso wahala ta ƙare. Bizar ziyara ba ta ba mutum damar aiki. Namiji mai sana'arsa, wanda ya saba ciyar da uwarsa da ƙannensa, ya dawo zaune a garin surukai, matarsa ke fita nema. Mun kama haya a Mabera don kada ya zauna gidan Baba, amma kuɗin hayar daga albashina yake fita, kuma ya sani. Na lura yana rage cin abinci. In na ajiye kuɗin cefane sai in sa su ƙarƙashin faranti, in fita kafin ya gani. Wani mai ɗakin gwaji ya ce ya zo ya riƙa aiki a ɓoye a biya shi a hannu, ya ƙi, don kada ya ɓata fayil ɗinsa. Sai ya koma koya wa yaran unguwa Larabci da tajwidi bayan magariba, kyauta. Wannan ne ya riƙe masa mutuncinsa a idon kansa. Kuma ba mu taɓa barin kwanakin da aka buga masa su ƙare ba tare da mun je neman ƙari ba, domin wanda ya zarce wa'adi ya riga ya raunana maganarsa.

Hanyar da doka ta tanadar wa irinsa ita ce wani matsayi na musamman da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke ba mazajen da suka auri 'yan Najeriya, sannan katin zama na baƙi da ake kira CERPAC daga Hukumar Shige da Fice. Ni ce mai nema a madadinsa. Na rubuta takarda, na haɗa fasfona, takardar asalin ƙaramar hukumata, takardar aure, ta haihuwar yaro, shaidar abin da nake samu, da hotunan biki. An yi mana tambayoyi don a tabbatar auren na gaske ne, kuma ban ga laifin hakan ba, tunda akwai masu auren takarda. Tafiye-tafiyen Abuja da jira sun ci mu, amma a 2025 katin ya fito. Ranar ya yi alwala ya yi nafila kafin ya ce da ni komai.

Akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. Sashe na 26 ɗin nan ya ce matar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Bai ambaci mijin 'yar Najeriya ba. Wani abokin karatuna ya auro 'yar Umdurman, ita ƙofar a buɗe take gare ta. Nawa mijin sai dai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15 a ƙasa. A ranar 1 ga Maris 2022 an kawo ƙudurin gyara wannan a Majalisar Tarayya, aka kayar da shi tare da sauran ƙudurorin mata. Na san hujjar masu cewa mace ita ke bin miji garinsu. Ni ma na bi nawa, da zuciya ɗaya, har sai da garin ya kama da wuta. Matar da yaƙi ko rashin lafiya ko talauci ya koro gida da mijinta ba ta yi laifin komai ba, kuma ina roƙon wakilanmu na Sakkwato su sake duban wannan sashe.

Yanzu yana shirin jarrabawar da hukumar masu gwaje-gwajen asibiti ke yi wa waɗanda suka karanto a waje, don ya samu lasisin aiki. Muna kuma tara takardun Hajiyarsa, tunda daga watan Mayu na 2025 ta intanet ake neman bizar gajeriyar ziyara, kuma tana son ganin jikanta. Yaron ya saba da ubansa, shi yake bi masallaci. Ɗan Najeriya ne ta wajena, na yi masa fasfonsa. In Allah ya ba mu rai, zai kusa gama sakandare kafin ubansa ya cika shekarun da zai iya neman irinsa.